Muryar da Ta Fasa Ƙofar Kwatarma

Masu ba da labarin Garanje suna son su fara da tambura da yawan dawaki. Ni ba daga nan zan fara ba, don yawan dawaki bai tsinana wa Sarki Dagazau komai ba a gindin ganuwar Kwatarma. Doki ba ya hawa ganuwa. Tun ana girbin gero ya kafa sansani ya kewaye birnin, ga shi rani ya wuce, bazara ta kankama, mutanen Kwatarma suna bisa ganuwarsu suna yi masa gwalo. An kafa tsani, sun ture shi da gwafa. An haƙa rami ta ƙarƙashi, ya rufta da mahaƙan. An aika masu gatari su sari ƙofa, ba su kai gindinta ba aka zube su da kibau. Hatsi ya ja baya a sansani, rijiyoyi suka fara ba da laka, dakaru suka shiga ƙunƙuni.

Kaura Dogara, shugaban mayaƙan Garanje, shi ya kawo dabarar da ta rage. Ya taɓa jin fataken gabas suna ba da labarin yadda ake fasa ƙofa a ƙasashensu, sai ya sa aka saro wani gungumen maɗaci wanda mutum biyu ba sa iya rungume shi. Maƙera suka ƙera masa kai na baƙin ƙarfe mai murɗaɗɗen ƙaho, aka rataye shi da igiyoyin kiri a ƙarƙashin wata doguwar rumfa, aka lulluɓe rumfar da ɗanyun fatu don kada wuta ta ci. Ana mirgina ta ne kan guntayen giginya. In ƙarti suka ja gungumen baya suka sake shi, sai ya kai tunkuyi. Dakaru suka sa masa suna Rago.

To, ga inda gizo ke saƙar. A wancan zamani Garanje da Kwatarma da duk biranen yankin al'adarsu ɗaya game da ƙofa. Ƙofar gari uwa ce a wurinsu, ita ke fid da mutum da safe ta karɓe shi da yamma. Garin da ya zare sakatarsa da hannunsa ya kawo wa sarkin da ya kewaye shi, ya tsira. Gandu zai riƙa biya, ba a taɓa ko kazarsa. Garin da aka fasa wa ƙofa kuwa, shi da duk abin da ke cikinsa ganima ne. Amma wanda ya fasa ƙofar, shi ma tasa ta ƙare, don alhakin ƙofa ya hau kansa. Ba ya sake shiga ƙofar wani gari har ya mutu. Ba a ci da shi, ba a kusantarsa nisan jifan dutse, ko kibiya ba a harbawa inda yake, don sun ce alhakin yana bin kibiya ya komo kan mai baka. Shi ya sa a da, in za a sari ƙofa, sai a nemo wani mai laifin kisa a damƙa masa gatari ya yi saran farko.

Shi kuwa Dogara ba ɗan sarauta ba ne. Ɗan maharbi ne daga wani ƙauye, aka kawo shi fada yana ƙarami ya zama abokin wasan Dagazau, akushi ɗaya suka ci har suka yi gemu. 'Ya'yan sarauta ba su taɓa yafe masa wannan ba. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza duk sun tafi a yaƙe-yaƙen Dagazau. Abin da ya rage masa a duniya 'ya ɗaya ce, Kyauta, wadda ya baro a Garanje da ciki. Jakadan da ya zo daga gida a farkon bazara ya gaya masa ta sauka lafiya, namiji, kuma ta ce ba wanda zai sa wa yaron aska a kai sai kakansa ya dawo ya riƙe shi a cinya. Tun daga ranar Dogara ba ya roƙon komai a yaƙin nan sai ya koma gida ya shiga ƙofar Garanje da ƙafarsa.

Ranar da aka gama Rago, da hantsi, sai ga shamuwa ta farko a shekarar ta sauko daga sama ta dira a kan ƙarfen. Sansani ya ɗauki hayaniya. Kowa ya san shamuwa ba ta zuwa sai ruwa ya kusa, kuma galibin dakarun nan manoma ne, hankalinsu ya koma gonakinsu. Aka kira Sarkin Tsafi, wani tsoho mai ido ɗaya. Ya dubi tsuntsuwar, ya watsa wuri a ƙasa, ya ce, “Ƙofa za ta buɗe kafin ruwan farko. Hannun da zai buɗe ta ne ban gani ba.”

Da la'asar Sarki ya sa aka buga tambari, majalisa ta taru a inuwar wata tsamiya. Ya ce, “Ga Rago ya ƙeru, ga shamuwa ta iso. Me ya rage?”

Galadima Yabani, ƙanen uban Sarki, ya gyara zaman rawaninsa ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, “Allah ya ja zamanin Zaki, toron giwa, mai Garanje da kewayenta. Abu ɗaya ya rage, kuma ba ƙarami ba ne. Iyayenmu gatari suka sani. Gatari hannu ɗaya ke riƙe shi, alhaki ya san inda zai sauka. Wannan dabba da Kaura ya kawo mana kuwa, ƙarti sun fi arba'in ke janta. In ƙofa ta fashe, alhakin na wa? Mu kora su duka daji? Wallahi iyayensu mata sai sun cinye mu ɗanye.”

Sarki ya juya ga Sarkin Tsafi. Tsohon ya daɗe yana zane a ƙasa da yatsa, sannan ya ce, “Hannu da yawa, murya ɗaya. Masu ja ba sa saki sai an ce su saki. Wanda muryarsa ta kira bugun, shi ya fasa.”

Kaura ya ce, “Ran Zaki ya daɗe, in haka ne a nemo mai laifi kamar yadda aka saba. Ni zan koya masa kiran.”

Galadima ya yi murmushi. Ya ce, “Haba Kaura! A ƙarƙashin ruwan kibau? Wane ƙato ne zai tsaya wuta na ci a bisa kansa don wani ɓarawo ya ce ya tsaya? Da kibiyar farko za su watse su bar mana gungume. Zaki, a duk rundunar nan murya ɗaya ce dakaru ke ji su manta da mutuwa. Ba tawa ba ce, ni na tsufa. Ba ta Madawaki ba ce, kada ya ji haushina. Muryar da ta ci mana garuruwan kudu ce, muryar da ta tsaya a mashigin kogi ranar da kowa ya gudu. Wa za a ba wannan girma in ba gwarzon da ya haifi dabarar ba?”

Kai, Galadima mugu ne, amma ya iya magana! Ya naɗe wuƙa cikin yabo ya miƙa, fadawa kuwa suka ɗauka da “Gaskiya ne! Sai Kaura!” In Dogara ya ƙi, a ce ya ƙera abin da yake tsoro, kuma ya fi son gidansa da nasarar ubangidansa. In ya yarda, ya yi ban kwana da Garanje. Gaba kura, baya siyaki. Bai dubi Galadima ba, Sarki ya duba, yana jiran kalma ɗaya daga mutumin da suka tashi tare. Dagazau yana ta wasa da gezar hamilar takobinsa.

Can Sarki ya ce, “Kaura, ka ji.”

Ya ce, “Na ji, Zaki.”

Tun ba a buga ko sau ɗaya ba mutane suka fara ja da baya. Waɗanda ke zuwa bukkarsa gaisuwa suka riƙa ɗaga masa hannu daga nesa. Mai kawo masa abinci ya ajiye akushi a bakin bukka ya juya da sauri kamar wanda ya bar tuwo a wuta. Sarki ya aiko masa da alkyabba mai aikin zinariya, shi kansa bai zo ba. Dogara ya shimfiɗa alkyabbar a gabansa yana kallo, abincin ya huce bai taɓa ba. Ya sha kwana cikin daji shi kaɗai tun yana ɗan maharbi, amma bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan dare ba, a tsakiyar dubban mutanen da suka san sunansa. Sabo da kaza ba ya hana yanka, ya daɗe da sanin haka, sai dai bai zaci shi ne kazar ba.

Hanya ɗaya ta rage masa, ita ce Kwatarma ta buɗe da kanta. Washegari ya ɗaura farin ƙyalle a kan mashi, ya bar takobinsa, ya tafi da ƙafa har bakin gwalalo, ramin da ya kewaye ganuwa. Maharba suka ɗana kibau daga kan badalar ganuwa. Ya ɗaga murya ya ce shi ne Kaura na Garanje, yana neman magana da mai riƙe da gari.

Sarkin Kwatarma ya riga ya mutu da raunin kibiya tun tsakiyar rani, yayarsa Magajiya Tabawa ce ke riƙe da gari. Aka tallabo ta aka hau da ita bisa ƙofa, tsohuwa ce 'yar firit, yunwa ta fito mata da ƙasusuwan wuya. Ta leƙo ta ce, “Kai ne Dogaran da ya kashe mana 'ya'ya? Na zaci ka fi haka tsawo.”

Ya ce, “Ni ne, Iya. Barka da haƙuri.”

“Haƙuri ya zama dole. Me ya kawo ka?”

Ya nuna mata rumfar da ke can nesa. “Kin ga wancan? Ƙofarku ba za ta jure masa ba. In ya fasa ta, kin san abin da zai sami garin nan. Ku zare sakata ku kawo wa Sarki. Gandu ne kawai, kowa ya kwana a ɗakinsa.”

Magajiya ta ƙare masa kallo. Ta ce, “Kura ba ta yi wa akuya nasiha a banza. Mene ne naka a ciki?”

Bai ɓoye mata ba. Ya ce, “Ni aka ba kiran bugun. Ina da jika a Garanje ban taɓa ganinsa ba.”

Ta ce, “Af! Ashe kai ma a kewaye kake.” Ta yi 'yar dariya wadda ba ta da daɗi. “To ji nan. Dattawa sun gaji, mun fara dafa fatun shimfiɗa. Samari ne suka ƙi, sun ce gara su mutu a kan badala. Ka ba ni zuwa gobe rana tsaka in shawo kansu. In ka ga inuwarka ta shige ƙarƙashin ƙafarka ba mu fito ba, ka yi abin da aka sa ka.”

Ya ce, “Na ba ki kalmata.”

Daga nan bai zame ko'ina ba sai wurin Sarki. Ya tarar da shi ba kowa sai masu fifita, ya faɗi ya gaya masa duk yadda suka yi. Fuskar Dagazau ta saki kamar an sauke masa kaya. Ya ce, “Dogara,” rabon da ya kira shi da sunansa har an manta, “wallahi ban runtsa ba tun jiya. Har rana tsaka, na ba ka. Allah ya sa su fito.” Dogara ya tashi yana jin kamar ya riga ya hango rimin ƙofar Garanje.

Amma masu fifita suna da kunne. Kafin rana ta faɗi Galadima ya ji, ya bi shugabannin dakaru ɗaya bayan ɗaya yana yi musu jaje. Ya ce abin tausayi, mutum ya bar gonarsa, ya binne ɗan'uwansa a gindin ganuwar nan, ya ci kwaɗon rama rani guda, sannan ya koma gida hannu rabbana don Kaura yana marmarin ganin jika. Bai ce a yi komai ba, jaje kawai ya yi.

Da gari ya waye rundunar ta taru a gaban bukkar Sarki tana buga masu a kan garkuwa. “Ganima! Ganima!” Wasu suka fara ɗaure kayansu, suka ce in ba a buga yanzu ba su sun kama hanyar gida. Dogara yana wurin Rago da ƙartinsa yana duban inuwarsa, wadda har yanzu ta fi shi tsawo, sai ga jakadan Sarki a sukwane. Ya tsaya nesa, bai sauka daga doki ba.

“Kaura, Zaki ya ce a buga.”

“Zaki ya ba ni zuwa rana tsaka. Koma ka tuna masa na ba da kalmata.”

“Ya ce in ka faɗi haka in ce maka ya sani. Ya ce yanzu.”

Mahayan Galadima suka jeru a bayan rumfar da masu a tsaye. Dogara ya shiga gaban rumfa ya ce a tura. Ya ja tafiyar iyakar yadda zai iya. Ya sa aka tsaya aka ƙara jiƙa fatu, ya sa aka sake cike gwalalo da dammunan kara inda aka riga aka cike, ya ce wani guntun giginya ya karkace a sauya shi. Duk da haka ganuwa tana matsowa, inuwa kuwa ta ƙi gajarta.

Samarin Kwatarma da ke kan badala suka ga Rago na tahowa tun lokaci bai yi ba. Suka yi kururuwa, “An ci amana!” Kibau suka zubo. Aka jefo duwatsu, aka kwararo tafasasshen ruwa da barkono, aka wurgo amya cike da ƙudan zuma ta fashe a bakin rumfa. Ƙarti suna ihu suna turawa, wanda ya faɗi a taka shi a wuce. Da kan Rago ya kai gindin ƙofa sai aka zubo garwashi da man kaɗanya, fatun da suka fara bushewa suka kama.

Dogara ya manna bakinsa jikin ƙyaure yana kira, “Magajiya! Iya! Ku buɗe!” Wa zai ji shi cikin wannan rugugi? Ya buga da hannu, ya sake kira. A bayansa ƙartin sun riga sun ja gungumen baya har iyakar igiya, sun riƙe, jijiyoyin wuyansu sun miƙe, wuta tana ɗiga a kafaɗunsu. Ba wanda ya saki, ba wanda ya gudu, don muryarsa suke jira. Galadima bai yi ƙarya ba a nan. Wani daga cikinsu, gashin kansa na ci, ya ce, “Kaura, don Allah! Muna ƙonewa!”

Dogara ya dubi mutanen nan da suka bi shi shekara da shekaru. Ya kauce daga gaban ƙarfen, ya rufe ido, ya ce, “Saki!”

Bugu ɗaya. Ƙofar da aka zaci za ta yini tana gardama ta wangale gaba ɗaya kamar ƙyauren ɗaki, ƙarti suka zube a kan juna. Hayaƙi ya ɗaga, sai ga abin da ke bayanta. Dattawan Kwatarma ne cikin fararen riguna, da sakatar ƙofar a kafaɗunsu, sun riga sun zare ta. Ƙyauren ya make na gabansu ya murƙushe shi a jikin bango. Magajiya tana ƙasa, goshinta na jini, farar ƙwaryar da ta ɗauko cike da ƙasar gari, alamar miƙa wuya, ta kife a gefenta. Ta ji kururuwa ta gane abin da ake ciki, ta tattaro dattawa da gudu don su riga Rago, da ƙiftawar ido aka riga su.

Kibau suka tsaya. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar wuta da kukan ƙudan zuma. Kowa ya dubi ƙyauren. Yana nan a tsaye kan ƙafarsa, katako ɗaya ne kawai ya dare a inda ƙarfe ya same shi.

Aka ja rumfar gefe, Sarki ya iso da majalisarsa, runduna ta cika fili a bayansu. Dogara ya faɗi a gaban dokin Sarki, fuskarsa duk toka. Ya ce, “Zaki, dubi sakata. Ga ta a kafaɗarsu, lafiyarta lau, ba ta karye ba. Da hannunsu suka zare. Garin nan buɗewa ya yi.”

Galadima ya ce, “Allah ya ba Zaki nasara, dubi ƙyaure. Ƙarfe ya taɓa shi yana rufe, ga shaida nan kowa na gani. Garin nan fasa shi aka yi, kuma muna taya Kaura murna.”

Magajiya ta yunƙura ta zauna. Ta ce, “Sarkin Garanje, jakadanka ya ba ni zuwa rana tsaka. Ɗaga kai ka dubi rana.”

Sarki bai ɗaga ba. Ya tambayi Sarkin Tsafi, tsohon ya ce, “Iyayenmu ba su taɓa ganin ƙofar da aka buɗe aka kuma fasa a numfashi ɗaya ba. Wannan idon sarki ne ke yanke shi.”

Dagazau ya sauka daga doki. Ya taka zuwa ƙyauren, ya sa yatsunsa cikin inda katakon ya dare, ya daɗe a haka. In ya ce an buɗe, Kwatarma ta tsira, Dogara ya koma gida, shi kuma ya juya ya fuskanci dubban mayunwata da masu a hannu ya gaya musu ba ganima. Can baya aka fara buga garkuwa a hankali, bugun yana ƙaruwa yana matsowa. Ni dai ban ce abu ne mai sauƙi ba. Amma sarauta don irin wannan rana ake ba mutum ita, kuma Dagazau ya san gaskiya sarai.

Ya zare hannunsa ya share a rigarsa. Bai dubi inda Dogara yake durƙushe ba. Ya ce, “An fasa.”

Runduna ta yi wata irin kururuwa ta kwararo cikin ƙofa. Amma ko cikin wannan haukan, sai suka rabe biyu suka kewaye inda Dogara yake, ba wanda rigarsa ta taɓa shi. Ƙartin da suka ƙone dominsa suka ja baya suna kuka. Dogara ya kwance rawanin sarautarsa da takobi ya ajiye a ƙasa. Ya miƙe ya taka zuwa wani fili a gabas da ƙofa inda babu ko inuwa, ya zauna. Rana ta kai tsaka a lokacin, in da mai dubawa.

Daga cikin gari hayaƙi ya tashi, da kururuwar mata, da ƙarar ƙyamare ana ɓallewa. Dogara ya zauna yana ji. Ya yi ƙoƙari ya ƙaga fuskar jikansa a zuci ya kasa, don bai san ko da wa yaron ya yi kama ba. Nan ne hawaye suka zo masa, ya bar su suka zuba, tunda ba mai matsowa kusa balle ya gani.

Sai ya ji taku. Magajiya ce, ta fito ta gefen ƙofa tana dogara sanda, tana jan wata mace mai goyo. Ba ta yi wajen daji ba, kansa ta yo kai tsaye. Dogara ya ɗaga hannu ya ce, “Iya, tsaya nan! Alhaki na kaina!” Ko gezau. Ta zo ta zauna dab da shi, ta juya ta ƙwala kira da iyakar muryarta, “Mutanen Kwatarma! Nan! Ku yo nan!”

Suka yo. Masu tsallakowa ta ganuwa, masu kutsowa ta ƙarƙashin dawaki, tsofaffi, mata, masu rauni, duk wanda ya kuɓuto sai ya faɗo cikin filin. Mahaya suka biyo su a guje, da suka kai nisan jifan dutse sai dawaki suka sha linzami. Galadima ya iso yana kumfar baki. “Ku kamo su! Bayinku ne!” Ba wanda ya motsa. “To ku harbe su!” Maharba suka dubi juna, suka sauke baka. Wani ya ce, “Ranka ya daɗe, ga baka, fara.” Galadima bai karɓa ba. Shi ya tsaya gaban majalisa ya kare al'adar nan da bakinsa, yanzu kuwa ga ta ta tsaya masa a maƙogwaro.

Kafin la'asar mutanen da ke kewaye da Dogara sun cika filin, sun matsu da juna don kada kowa ya fita daga da'irar. Ba wanda ya gaishe shi. Wata mace ta tofar da yawu kusa da ƙafarsa, sannan ta ƙara matsowa da 'ya'yanta. A can bisa ƙofa ya hango wani mai alkyabba wanda ya san tsayuwarsa tun suna yara, yana kallo, ya daɗe, sannan ya juya ya sauka.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Magajiya ta ɗaure goshinta da gefen zane, ta ce, “In ruwa ya sauko a nan, jarirai ba za su kai gobe ba. Su kuma waɗancan suna jira ne yunwa ta watsa mu. An ce kai ɗan maharbi ne. Ka san inda ake samun ruwa da mafaka a dajin nan?”

Ya ce, “Na sani. Amma Iya, ni ne na kira bugun.”

Ta ce, “Da kunnena na ji. Ba mu yafe maka ba, kuma kada ka sa rai. Inda ka sa ƙafa nan za mu sa, don ba mu da wata ganuwa sai kai. Tashi.”

Dogara ya miƙe. Hanyar Garanje tana yamma, fara fes, ya san kowace bishiya da ke kanta. Ya tsaya yana kallonta har Magajiya ta taɓa shi da sanda. Sannan ya juya mata baya ya nufi daji, mutanen Kwatarma suka tashi suka bi shi a matse, ba mai yi masa magana.